Ɗakin da Ya Ce Babu Kowa

4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, da fatan kina lafiya kuma kina cin abinci a kan lokaci. Mu nan ƙalau muke. Gwiwar antinki ta yi sauƙi, har tana fita cefane da kanta. Innarki ta leƙo ranar Asabar, ta ce in gaya miki kin yi wuyar samu a waya. Ni ban nemi kira ba. Shekara ashirin da bakwai a gefen janareta sun bar ni da rabin kunne, in kin kira ma sai dai mu yi ta "Na'am? Me kika ce?" har ki gaji. Direban kaya ya yarda zai riƙa kai miki takardata duk ranar da ya je hedikwata, ke ma sai ki ba shi amsa.

To, mun tare a sabon ginin da ku mutanen hedikwata kuka zana mana. Ranar Litinin aka zo da motar ɗaga kaya aka kwashe janaretocina uku. Babba da Na-tsakiya sun tafi salin-alin. Mai Tari kuwa, wanda kika sani, sai da ya tsinka musu sarƙa ɗaya, na ce madalla da shi. Yanzu duk wutar kamfani daga farantan sola take fitowa, guda ɗari da tamanin a kan rufi, da batura cike da ɗaki guda a ƙasa. Ban ce ba ta aiki ba. Tana aiki. Shirun ne ya dame ni, kullum ji nake wani abu ya lalace.

Amma Injiniya, wa ya ba ku shawarar tagar da ba ta buɗuwa? Wa ya ce a shuka ganye a jikin bango, mu da muka tashi muna cire shi? Famfo kuma ba shi da kai. Sai ka miƙa masa hannu, ya ɗan tsiyayo maka, kana cikin cuɗa sabulu ya ɗauke, ka tsaya kana lallashin ƙarfe.

Duk wannan mai sauƙi ne. Sabon aikina shi ne wanke farantan da safe da kuma duba batura, an ba ni ɗan ɗaki a ƙasa kusa da su, mai tebur da kujera da wata 'yar taga can sama. A silin akwai wani ido, wai na'urar gane motsi. In na shigo sai fitila ta kama da kanta. In na zauna ina rubutu minti goma sai ta ɗauke, sai na ɗaga hannu na kaɗa kafin ta dawo. Na nemi makunni a bango, babu. Ni da na yi shekaru ina ba gini guda wuta, yau fitila ɗaya ta fi ƙarfina. Wannan wulaƙanci ne ko ci gaba?

Na ji an ce da sa bakinki aka bar ni a bakin aiki. Na gode. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki

15 ga Maris

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Anti, Allah ya ƙara mata sauƙi. Ni lafiya lau, sai dai aiki da ya yi mini katutu. Na kira Inna jiya, mun yi minti arba'in, talatin daga ciki ƙorafin ban kira ba ne.

Takardarka ta ba ni dariya, ta kuma ɗan ɓata mini rai. Kawu, tagar ba ta buɗuwa ne don kada sanyin ciki ya gudu. Ganyen bango yana rage zafi. Famfon kuma yana hana mutane barin ruwa ya yi ta zuba, kamar yadda kai kanka ka yi shekaru kana yi musu faɗa a kai. Kamfani ya yi alkawarin duk rassansa tara za su bar man dizal su koma hasken rana, kuma shekara biyu ke nan ina ba wannan aikin barcina. Ka taɓa tambayar kanka me ya cinye maka kunne? Ni na tuna sanda nake zuwa wajenka bayan makaranta in yi aikin gida, kana cusa mini auduga a kunne, kai kuwa ba ka sa ba.

Gaskiya ne na sa baki. An so a sallami duk masu janareta. Na ce mutumin da ya san wayoyin reshen nan tun ban iya ɗaura takalmi ba, asara ce a bar shi ya tafi. Ban ce musu kawuna ba ne, kuma don Allah kada ka faɗa.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, katin shiga da aka ba ka, ka riƙe shi da kyau, kada ya ɓace, samun wani wahala ne. Na biyu, daga wannan watan zuwa ƙarshen Mayu za a riƙa duba kowane ɗaki a kowane reshe, a ga wutar da yake ci da yadda ake amfani da shi, kuma ni aka ɗora wa haɗa rahoton. Don Allah Kawu, kada ɗakinka ya ba ni kunya.

'Yarka

29 ga Maris

'Yata Injiniya,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. Antinki ta ce kin rame a hoton da kika aiko wa Innarki, ni ban ga rama ba, gajiya na gani.

Na karanta takardarki sau biyu, kuma na yi abin da kika ce. Katin yana gida, a cikin gwangwanin da nake ajiye takardun makaranta da na aure, na naɗe shi a leda. Ko ɓarawo ya shigo sai ya sha wuya. Ba na ma buƙatarsa, ta ƙofar kaya nake shiga, maigadi ya san fuskata tun tsohon gini.

Maganar ɗaki kuma ki kwantar da hankalinki. Ranar da takardarki ta zo na hau kujera na rufe idon nan da baƙin tef, ninki uku. Tun daga ranar fitilar ba ta ƙara kamawa ba, na huta da kaɗa mata hannu. Hasken 'yar tagar ya ishe ni rubutu in na jawo tebur ƙarƙashinta. Na zare fankar da aka ba ni. Rediyona da batir yake aiki. In za a duba ɗaki ɗaki, ki bugi ƙirji, babu wanda zai kamo nawa a duk rassan tara. Ko ɗigon wuta ba ya ci.

Farantan kuma na fara gane halinsu. Ɗan kwangilar da ya kafa su ya ce wanki sau ɗaya a wata ya isa. Na ce masa ya hau rufin ya gani. Ana aikin titi a bayanmu, ƙura ba ta ƙarewa, ga tattabaru sun mai da layin gabas banɗakinsu. Don haka kullum ƙarfe bakwai daidai ina sama, kafin gilashin ya yi zafi, don na lura in ya yi zafi ruwan bushewa yake ya bar zane. Layi shida ne, talatin talatin. Daga gabas nake farawa, kowane layi minti goma sha biyar, da tsumma mai laushi a kan sanda da bokiti biyu, babu sabulu. Takwas da rabi na sauko. Lahadi kaɗai nake hutawa.

Ba zan ɓoye miki ba, in na gama na juyo na gan su suna ƙyalli, raina yana yin fari. Kada ki gaya wa kowa na faɗi haka.

Kawunki

20 ga Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Inna ta ce ƙalau kake, ta gan ka kana gyara wa maƙwabta soket, to ke nan fushi ake da ni. Wata biyu ba ko layi ɗaya! In maganar kunnen ce ta yi maka zafi, ka yi haƙuri, amma ai gaskiya na faɗa. Na tambayi direba sau uku, ya ce ba ka ba shi komai ba. Shi ma kansa ya ɗau zafi, an karɓe tsohuwar motarsa an ba shi mai aiki da caji, yana ta mita.

Ni dai na kusa sauke kayan da ke kaina. Rahoton ya yi kyau fiye da yadda na zata. Ka san me na gano? Ɗakuna goma sha huɗu a rassanmu da babu mai shiga cikinsu. Wani ma tun watan Maris na'urar ba ta ga ko gilmawar mutum ba, kuma a takarda akwai ma'aikaci a ciki! Ka ga irin ɓarnar da muke magana a kai. Lambobin ɗakunan kawai nake gani, ban san masu su ba, kuma gara haka, kada tausayi ya shiga aikin. Za a rufe su, ofishin ma'aikata kuma zai bi sawun mutanen. Shugabarmu ta ce aikina ya burge ta.

Ka rubuto mana, ko faɗa ne.

'Yarka

11 ga Yuni

Injiniya,

Muna lafiya. Antinki tana gaishe ki. Ni gaisuwata a taƙaice take yau.

Shiru kuma wa ya yi wa wani? Ni na rubuta miki tun ƙarshen Maris na zauna jiran amsa, sai ga takardarki ta Mayu kina zargina da fushi. Na ce bari in ƙyale ki ki gama rahotonki. To ga shi kin gama.

Jiya sabon manaja ya aiko a kira ni. Yaro ne mai ladabi, ba laifinsa. Ina shiga ya miƙe ya ce, "Baba, dama kana nan?" Na ce ina zan je? Ya miƙo mini takarda daga hedikwata. Wai ɗaki mai lamba goma sha bakwai babu wanda ya shiga cikinsa sati goma sha ɗaya. Wai katina bai taɓa ƙofa ba ko sau ɗaya. Wai saboda haka ana ganin na bar aiki ba da sanarwa ba, za a zauna a kaina ranar biyu ga Yuli, in ba a sami hujja ba a sallame ni.

Na ce wa manaja ya dube ni da kyau, aljani ne a gabansa? Ya ce shi ya yarda, amma shi ma bai taɓa sauka ƙasa ba, kuma bai taɓa hawa rufi ba. Maigadi ya rantse har sau uku cewa kullum shi yake buɗe mini. Aka buga wa ofishin ma'aikata, suka ce maganar maigadi ba ta shiga kwamfuta.

Shekara ashirin da bakwai, Injiniya. Ranar da aka haife ki ma sai da na tayar da Babba kafin na je asibiti. Ba a taɓa rubuta mini makara ba. In sun ce na tsufa, in sun ce ba a buƙatar irina, zan ɗauki hulata in tafi. Amma a ce gudu na yi? Da wane ido zan kalli mutanen da na koya wa aiki?

A bayan takardar an manna shafin rahoton. Na ga sa hannunki a ƙasa. Na san shi, ni na koya miki jan wutsiyar nan. Ke kika ce kada ɗakina ya ba ki kunya, na rubuta miki dalla-dalla abin da na yi, kika karanta, sannan kika sa hannu. Wannan ne na kasa haɗiyewa.

Kawunki

18 ga Yuni

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti. Ka yi mini afuwa, yau ba zan iya doguwar gaisuwa ba.

Takardu biyu direba ya miƙo mini da safen nan. Ta makon jiya, da wata duk ta yi datti mai kwanan watan 29 ga Maris. A aljihun tsohuwar motarsa ta kwana wata biyu da rabi, sai da masu sayen motar suka zo kwashe tarkace aka gan ta. Ban taɓa ganinta ba sai yau. Wallahi ban taɓa ba.

Kawu! Tef? Ninki uku? Na karanta wajen nan na kifa kaina a tebur har abokiyar aikina ta zaci suma na yi. Da na ce kada ɗakinka ya ba ni kunya, nufina kada ka jona butar shayinka da tsohon rishon lantarkin nan naka mai cin wuta kamar me. Ban ce ka zauna a duhu ba! Idon nan ba fitila kaɗai yake kunnawa ba, shi yake gaya mana akwai mutum a ɗaki. Ka rufe shi, ginin ya ce babu kowa, ni kuma na rubuta abin da ginin ya ce. Katin kuma da na ce ka riƙe da kyau, a wuya ake rataya shi, a taɓa shi a ƙofa kullum, shi ne rajistar zuwa aiki yanzu. Kai kuma ka naɗe shi a leda ka haɗa shi da takardar aure. Ni wa zan kai wa ƙara?

Ban san lambar ɗakinka ba. Ba ka taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, wannan laifina ne. Har murna na yi maka a takarda da na gano ɗakin da babu kowa. In na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu ka saurare ni. Ka cire tef ɗin yau. Ka fito da katin. Kada ka rubuta wa babban shugaba, na san halinka. Kada ka yi wa manaja wa'azi.

Sannan ka amsa mini tambaya ɗaya, ka ba direba kafin ya juyo: daga ƙarshen Maris zuwa yau, ban da Lahadi, akwai ranar da ba ka hau rufin ba? Ka tuna da kyau, ka faɗa mini gaskiya, da kwanan wata.

'Yarka

22 ga Yuni

Injiniya,

Lafiya lau. Na ji batun takardar da ta kwana a mota. Direba ya zo har ƙasa ya ba ni haƙuri, na ce ya tashi, shi ma motar da ya sani aka raba shi da ita.

Tef yana nan inda yake. Ba zan cire ba sai an gama zaman. In na cire yanzu cewa za su yi na ji tsoro na dawo aiki. Katin na fito da shi, antinki ta sa masa igiya, ina taɓa musu shi a ƙofa yana yi mini ƙara kamar ɗan tsako.

Sai tambayarki. Ashe har yanzu laifi ake nema? Hedikwata ba ta samu ba, sai a aiko 'yata ta tono? To rubuta. Rana ɗaya ce. Sha huɗu ga Mayu, gwiwar antinki ta kumbura da safe, na kai ta asibiti, layi ya riƙe mu, ban iso ba sai sha ɗaya. Lokacin gilashi ya yi zafi, ban wanke ba. Na gaya wa maigadi, wanda maganarsa ba ta shiga kwamfuta. Ki kai musu, su ƙara a kan sati goma sha ɗayan.

Antinki ta ce in sun kore ni in buɗe shagon gyaran fanka. Na ce mata ba korar ce ta dame ni ba, sunan da za a kore ni da shi ne.

Kawunki

3 ga Yuli

Kawu,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Anti. Ina lafiya, sai ciwon kai, kuma ka san mai shi.

Ba laifi nake nema ba, Kawu, wai kai komai sai ka karanta shi a juye? Bari in gaya maka abin da ya faru jiya, tunda manaja takarda mai layi uku kawai zai ba ka.

Kowane layin faranti a rufinku yana da mitarsa, tana aiko mana da abin da ya samar minti bayan minti. Ba wanda yake kallon wannan, jimilla kawai ake dubawa. Da na karanta tsohuwar takardarka sai na buɗe. Ƙarfe bakwai daidai, wutar layin gabas ta ɗan yi ƙasa, bayan minti goma sha biyar ta tashi ta wuce inda take. Sai layi na biyu ya yi haka. Sai na uku. Har shida, takwas da rabi. Raguwar nan inuwarka ce, Kawu, kai da sandarka. Tashin kuma wankin ne. Kullum, kullum, ban da Lahadi. Na zauna ina kallon inuwarka tana tafiya daga gabas zuwa yamma har kwana sittin da wani abu, sai da na tashi na shiga banɗaki na wanke fuska, famfon ma ya ɗauke mini a tsakiya.

A zaman akwai shugabarmu da mutumin ofishin ma'aikata da wani lauya. Na haska musu a bango. Mutumin ma'aikata ya ce ai girgije ma yana iya yin haka. Na ce wane girgije ne yake hutun Lahadi? Ya ce to inji ne. Na ce ga takardar mai aikin, ya rubuta da hannunsa cewa ranar sha huɗu ga Mayu bai hau ba, kuma bai san abin da zan yi da maganar ba. Aka buɗe sha huɗu ga Mayu. Layi shida a miƙe, babu inuwa, wutar ranar kuma ta fi ta kowace ranar aiki ƙasa. 

Sai shugabarmu ta tambaye ni yadda aka yi ma'aikacin reshe yake rubuto mini wasiƙa da hannu. Ba yadda zan yi. Na ce kawuna ne, yayan mahaifiyata. Ta ce me ya sa ya rufe na'urar? Na karanta musu layina da bakina, "kada ɗakinka ya ba ni kunya". Lauyan ya yi ta tari don kada ya yi dariya.

Ga hukunci. Aikinka yana nan, an janye maganar gudu, za a cire ta daga fayil ɗinka gaba ɗaya. Rufinku ya fi na duk sauran rassa ba da wuta, don haka suna so ka rubuta yadda kake wankin a raba wa sauran. Ni kuma an ba ni takardar gargaɗi saboda na ɓoye dangantakarmu, an karɓe rahoton daga hannuna. Sauran ɗakuna goma sha uku an ce ba za a rufe ko ɗaya ba sai mutum ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa da hannunsa, kuma ka san wa aka zaɓa. Sati uku zan yi a hanya.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma a rubuce yake: tef ya fita. Kawu, na roƙe ka don girman Allah, kada ka sa masa kwali, kada ka juya shi ya kalli bango, kada ka ɗaura tsumma a fanka don ya riƙa ganin motsi. Na san ka riga ka yi tunanin wannan na ƙarshen.

'Yarka

12 ga Yuli

'Yata Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da hanya tun kafin ki gama ta. Antinki lafiya, Innarki lafiya, ta ji labarin gargaɗin, ta zo ta yi mini wankin babban bargo a gaban matata, na karɓi laifina don ta fi ni gaskiya.

Manaja ya kawo takardar da kansa har ƙasa. Karon farko ke nan da ya ga ɗakin. Ya riƙe mini kujera na hau na ɓare tef ɗin, fitila ta kama, muka ga ashe bangon ruwan toka ne. Maganar tsumma a fanka kuma, ƙarya kike mini, igiya na yi niyyar sawa.

Na rubuta musu yadda ake wankin, shafi biyu. Na sa a ciki cewa duk wanda ya taɓa gilashin da sabulu Allah ya isa, manaja ya ce a cire wannan layin. In kin je ɗakunan nan goma sha uku, ki ƙwanƙwasa da ƙarfi, ki jira. Wataƙila akwai mai irin kunnena a ciki.

Takardata ta sha ɗaya ga Yuni, wadda na yi maganar sa hannunki, ki yaga ta. Ban san yadda ake ba 'ya haƙuri a rubuce ba, ban taɓa yi ba. An ɓata miki fayil don a gyara nawa, na sani, kuma ba zan manta ba. Jiya da na hau rufi na tsaya a layin gabas na ɗan daɗe fiye da kullum. In kin ga raguwar ta yi tsawo a kwamfutarki, ba lalacewa ba ce, gaisuwa ce.

Amma kada ki zaci na shirya da idon nan. Tun da na fara wannan takarda sau uku yana kashe mini fitila, wai rubutu ba motsi ba ne. Shekara ashirin da bakwai, in wuta ta ɗauke a kamfanin nan sunana ake kira daga kowane bene. Yanzu in ta ɗauke ba mai kira, ni nake ɗaga hannu in shaida wa silin ina nan.

Ga ta nan ta sake ɗaukewa. Na ɗaga.

Kawunki,
ɗaki na goma sha bakwai